Tambaya da Amsa: Neman Littafin da Marubucinsa Ya Ɓoye Sunansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Legas da ke Akoka, ina zaune a Agege. Kwanakin baya na sayi wani tsohon littafin ƙagaggen labari na Turanci a wurin masu sayar da littattafan gwanjo a Ojuelegba, sai na ga ana yawan ciro magana a cikinsa daga wani littafi mai suna Principia Discordia, wanda aka ce wani Malaclypse the Younger ne ya rubuta. Na zaga Yaba da CMS ban same shi ba, kuma babu wanda ya taɓa jin sunan marubucin. Wani abokina ya ce littafin asiri ne na 'yan Illuminati, har ya haɗa ni da wani mutum da ya ce zai samo mini shi idan na fara biyan kuɗi. Shin da gaske akwai wannan littafi, kuma wane ne marubucinsa?
Daga mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, littafin yana nan, marubucinsa kuma an san shi, amma tun kafin mu yi nisa ina roƙon ka kada ka ba mutumin nan ko kwabo, domin abin da yake son sayar maka a matsayin asiri yana zube a intanet kyauta, kuma masu shi da kansu suka sake shi haka.

Malaclypse the Younger sunan aro ne na wani Ba'amurke mai suna Gregory Hill, wanda aka haifa a 1941 ya rasu a 2000. Tare suka yi aikin da abokinsa Kerry Thornley, wanda shi ma ya ɓuya a bayan sunan Omar Khayyam Ravenhurst, ya kuma rasu a 1998. A ƙarshen shekarun 1950, suna samari a jihar Kalifoniya, suka ƙirƙiro wani addinin shaguɓe da suka jingina ga Eris, wadda tatsuniyoyin Girkawan dā suka ɗauka a matsayin gunkiyar husuma da hargitsi. Abin da suka yi shi ne kwaikwayon siffar littattafan addini da ta takardun ofis, da dokoki da muƙamai da hatimai, don su yi zambo ga masu tsananin son tsari da iko a ƙasarsu. Wanda ya buɗe littafin zai ga rubutun tafireta a gefen hotunan da aka yanko daga jaridu aka manna, da tambarin hatimin roba a karkace, da lambar shafi mai sifiri a gaba kamar ta rasiɗi, da zanen tuffa ta zinariya da ke ta maimaituwa. Musulmi ko Kirista mai kishin addininsa zai ci karo da maganganun da za su sosa masa rai, don haka ya kamata ka shige shi da idon mai nazari wanda ya san cewa wasan samarin Amurka ne na wancan zamani.

Wahalar da ka sha wajen nemansa tana da dalili. Bugun 1965 kwafi biyar kacal aka yi, bugun da ya fi shahara kuma, wato na huɗu, a 1970 ya fito a birnin San Faransisko daga wata ƙaramar maɗaba'a mai suna Rip Off Press. Ina kyautata zaton littafin da ka saya a Ojuelegba ɗaya ne daga cikin jerin Illuminatus! na Robert Shea da Robert Anton Wilson, wanda ya fito a 1975, domin shi ne ya yayata sunan Principia a duniya. Masu karatu da yawa a lokacin sun yi irin tambayarka, wasu suka ɗauka littafin ma ƙage ne kamar sauran labarin, wasu suka ce Wilson ne ya rubuta shi. Sai da kamfanin Loompanics ya sake buga shi a 1979, sannan Steve Jackson Games a 1994, ya fara samuwa a kasuwa. Principia da kansa ya yi wasa da sunan Illuminati, wannan ƙagaggen labari kuma ya ƙara manna masa batun, alhali ƙungiyar da ta amsa wannan suna a tarihi Adam Weishaupt ne ya kafa ta a yankin Bavariya na Jamus a 1776, gwamnatin yankin kuma ta haramta ta cikin shekara goma, tun kafin a haifi kakannin waɗannan samari.

Akwai wani abu a tarihin littafin da nake ganin ya fi kowane amfani ga ɗalibi mai koyon bincike. Thornley ya yi aikin soja a rundunar Marines ta Amurka tare da Lee Harvey Oswald, wanda aka zarga da kashe Shugaba Kennedy na Amurka a 1963, har ya ba da shaida a gaban Hukumar Warren, wadda ta binciki kisan, a 1964. Saboda wannan alaƙa, wani kwafi na tsohon bugun ya shiga cikin takardun binciken kisan da ke ajiye a gidan adana tarihi na Amurka, kuma a can masu nemansa suka tarar da shi. Wanda ya nace a kan sunan Malaclypse kaɗai ba zai taɓa isa wurin ba, sai wanda ya bi sawun abokin aikinsa. Haka abin yake a namu rubuce-rubucen na ajami, inda sau da yawa sunan mai kwafa da ke ƙarshen takarda, bayan "tammat", shi ne ke kai mutum ga garin da aka rubuta ta da malamin da ya tsara ta.

Game da yadda za ka same shi daga nan Legas, hanya mafi sauƙi ita ce ta intanet. Marubutan sun yafe haƙƙin mallakarsu, sun rubuta a jikin littafin cewa kowa ya sake buga abin da ya ga dama, saboda haka za ka sami hotunan shafukansa a rumbun Internet Archive, kana iya karantawa a wayarka ko ka kai a buga maka a shagunan kwamfuta na cikin jami'a. Ka nemi wanda aka ɗauki hoton shafukansa, domin wanda aka sake bugawa da haruffa zalla ya zubar da hatimai da zane-zanen, su kuwa rabin ma'anar littafin ne. Idan kana son ganin jerin bugunsa da shekarunsu, shafin WorldCat yana tattara kundin ɗakunan karatu na ƙasashe da dama, kuma ka nema da sunan littafin, sannan da sunan Hill da na Thornley. Laburaren Ƙasa da ke Yaba yana da amfani ƙwarai idan littafin Nijeriya ake nema, tun da dokar 1970 ta wajabta wa masu buga littafi a ƙasar nan su ajiye kwafi a wurinsa, amma wannan doka ba ta hau kan littafin da aka buga a Amurka ba.

Idan kuma na takarda kake so a hannunka, kada ka raina 'yan gwanjon nan. Kayansu a buhu da kwali suke zuwa, sau da yawa su kansu ba su san abin da ke ciki ba sai sun zazzage. Abin da na saba yi shi ne in rubuta sunan littafi da na maɗaba'a a 'yar takarda da manyan baƙaƙe, in bar wa mutum biyu ko uku da na saba ciniki da su, in riƙa leƙawa duk lokacin da na bi ta wurin, kuma ba na biya sai na riƙe littafin na duba shafinsa na farko.

Idan za ka ambace shi a aikinka na makaranta, ka rubuta sunan aron kamar yadda yake a bangon littafin, ka biyo shi da sunan Gregory Hill, sannan ka faɗi bugun da ka duba da shekararsa, domin na 1965 ya sha bamban da na 1970 a abin da ya ƙunsa, na 1979 da na 1994 kuma kowanne ya zo da ƙarin shafukan da babu su a na baya.