Shin doka za ta iya hana a datse wa Taiwan iskar gas?

Tambaya: Na ji 'yan majalisar Amurka na neman yin doka don kare makamashin Taiwan idan ƙasar Sin ta yi mata ƙawanya ta teku. Ta yaya takardar da aka sa wa hannu a Washington za ta hana jirgin yaƙi tare hanya?

Amsa: Gaskiyarka, ba za ta hana ba. Amma ka duba inda gizo ke saƙa. Taiwan tsibiri ce, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na makamashinta ta ruwa yake zuwa. Man fetur da kwal suna ajiyuwa. Iskar gas kuwa sai an sanyaya ta har digiri 162 ƙasa da sifili ta zama ruwa, a ɗauko ta daga Ostireliya, Katar ko Amurka, kuma ko a cikin tanki tana ƙafewa a hankali. Abin da Taiwan ke iya ajiyewa bai kai na mako biyu ba, alhali kusan rabin wutar lantarkinta daga gas yake. Ga shi a watan Mayun 2025 ta kashe injin nukiliyarta na ƙarshe a tashar Maanshan.

Don haka ba sai an harba ko harsashi ɗaya ba. Idan Sin ta ce kawai za ta riƙa binciken jiragen da ke nufar Kaohsiung, babbar tashar jiragen ruwan Taiwan, kamfanonin inshora za su janye ko su tsawwala kuɗi, kuma mai jirgi ba zai tura dukiyarsa ba inshora. Nan ne doka ke da amfani, domin tana iya ba gwamnatin Amurka ikon tsaya wa jiragen da inshora, ta sauƙaƙa sayar wa Taiwan gas ɗin Amurka, ta kuma tilasta wa ma'aikatu su yi shiri tun kafin rana ta ɓaci. An ga makamancin haka a 1987, lokacin yaƙin Iran da Iraki, da Amurka ta ɗora tutarta a kan jiragen dakon man Kuwait, sojojin ruwanta suka yi musu rakiya.

Dokar hulɗa da Taiwan ta 1979 ta riga ta ce ƙauracewa ko takunkumi a kan tsibirin babban abin damuwa ne ga Amurka, sai dai ba ta wajabta mata shiga yaƙi ba. Abin da ya fi damuna shi ne tankunan ajiya. Gina su aikin Taiwan ne, kuma yana cin shekaru.