Sawaba, zambo da habaici a bakin 'yan adawa

Wani mai karatu daga Damagaram ya tambaya: "Malam, ina asalin kalmar sawaba, me ya haɗa ta da 'yan gwagwarmaya?"

Daga Larabci muka aro ta, inda take nufin abin da yake daidai. Da ta shigo Hausa sai ta koma sauƙi bayan wahala, kamar yadda ake cewa majinyaci ya samu sawaba. Wannan ma'anar ce 'yan NEPU, jam'iyyar adawa ta Arewacin Najeriya, suka ɗauka lokacin da suka kafa jam'iyyarsu a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, don ga talakan da haraji da jangali da aikin tilas suka isa, ba kalmar da ta fi ta daɗin ji. Daga nan Hajiya Gambo ta Zariya ta samu laƙabinta na Gambo Sawaba. A ƙasarku Nijar kuwa, jam'iyyar Djibo Bakary ce ta amsa sunan, ita ce ta nemi a ce "a'a" ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959.

Wata ɗaliba kuma tana son sanin bambancin zambo da habaici a waƙoƙin siyasa.

Zambo muzantawa ce a fili. Mawaƙi zai siffanta mutum, tafiyarsa ko rowarsa ko wata tawaya tasa, har yaro ma ya gane shi. Asalinsa aikin makaɗan fada ne, su wasa sarki, su ragargaji ɗan'uwansa mai hanƙoron gadon sarauta. Abin da mawaƙan NEPU irin su Gambo Hawaja suka yi shi ne juya bakin makamin zuwa ga fadar kanta, abin da kunnen hakimai bai saba ji ba.

Habaici kuwa jifa ne a kaikaice, ba suna, ba siffar da za a kafa hujja da ita. A ganina shi ya fi yi wa 'yan adawa amfani, domin a zamanin En'e, wato hukumar sarakunan gargajiya ta lokacin mulkin mallaka, zagin sarki na iya kai mutum gaban alƙali, 'yan doka su tasa ƙeyarsa zuwa gidan yari. Mai habaici in an kama shi sai ya ce, "Ni wa na ambata?" Nan ne wannan karin maganar ta shigo: kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mutane kan manta cewa 'yan kasuwar ma sun sani, shi ya sa taro kan fashe da shewa tun mawaƙi bai kai ƙarshen baiti ba.