Wa Ya Auna Ranar Marwa?

Jiya muna saukowa daga rufin nan na hanyar Mokolo, a nan Marwa ta Kamaru, ka jefo mini tambaya, hannuna cike da wayoyi, na ce ka bari sai mun zauna. Cewa ka yi: “Maigida, lissafin nan da kake buɗewa a kwamfuta, mai cewa Marwa tana samun rana kaza a wata kaza, wa ya zo ya auna? Ni ban taɓa ganin kowa da ma'auni a unguwarmu ba.” To jawo benci.

Ba wanda ya zo. Daga sama ake leƙenmu. Turawa suna da tauraron ɗan adam mai suna Meteosat, yana can kimanin kilomita 36,000, saitin tekun Gini. Yana zagayawa daidai da juyin duniya, shi ya sa kullum yake wuri guda kamar an buga masa ƙusa, irin waɗanda kake saita wa dish. Na da suna ɗaukar hoton Afirka duk minti 15, sabon da aka harba a Disamban 2022 duk minti 10. Ya san launin ƙasar Marwa in sama ta yi tas, don ya daɗe yana kallonta. Ranar da ya ga wurin ya yi fari fat, gajimare ne ya tare, kuma gwargwadon farin, gwargwadon abin da aka hana faifanka na sola. Hasken da ke isowa saman iska kuwa sananne ne, kusan wat 1,361 a kowane murabba'in mita. A cire rabon gajimare, a cire na ƙura da na tururin ruwa, saura naka ne. Aikin mai awo ne: ya san abin da ke cikin buhu, ya ga abin da aka mayar, ya san abin da ya shiga gida.

Kada ka ɗauka don mu masu sola ake wannan wahala. Mu kala muke yi a gonar masu binciken yanayi. Su damuwarsu shiga da fitar duniya gaba ɗaya. In ka baza hasken nan a kan duniya duka, dare da rana, kowane murabba'in mita zai tashi da wajen wat 340. Kusan 100 a ciki gajimare da ƙanƙara da farin rairayin hamada suna mayar da shi nan take. Sauran 240 duniya ta sha, kuma dole ta amayar da shi a matsayin zafin da ido ba ya gani, irin wanda bangon siminti yake huro maka bayan magariba. Hukumar NASA ta Amurka tana da na'ura, CERES, a kan taurarin Terra na 1999 da Aqua na 2002 da wasu bayansu, tana auna duka biyun. Abin da ake gani shi ne fita ba ta kai shiga ba. Giɓin wajen wat ɗaya ne.

Na ga ka yi murmushi. Wat ɗaya, ko ƙwan fitila ba zai kunna da kyau ba. Amma a kowane taku na duniya ne, teku da tudu, ba hutun dare. Ka san ƙarshen batirin da ake ɗura wa fiye da abin da ake zuƙa in babu kwantirola. Kusan kashi 90 cikin ɗari na rarar nan teku ne yake haɗiyewa. Kuma su ma ba su yarda da na'urar sama ita kaɗai ba, don gano ɗaya a cikin 340 ba wasa ba ne. Sai sun gwada da dubban ma'aunan da ke yawo a cikin teku. Yanzu ka gane dalilin da nake hana ka yanke hukunci da ma'auni guda.

Gajimare shi ne ɗan rigimar lissafin. Baƙin hadarin Agusta, mai kauri na ƙasa-ƙasa, laima ne, yana sanyaya ƙasa. Siririn nan na can ƙololuwa, mai kama da audugar da aka shiƙe, rana tana ratsa shi, amma ya hana zafi fita. Ka tuna daren hunturu in taurari sun fito ras, sanyi har ƙashi, daren da sama ta lulluɓe kuwa gumi kake kwana yi. Wanne zai ƙaru in duniya ta ƙara ɗumi, nan ne masana suka fi jan daga. Saboda haka Turai da Japan suka harba EarthCARE a watan Mayun 2024, mai harba haske da siginar rada (radar) cikin gajimare, ya ga cikinsa daga sama har ƙasa kamar an yanka kankana.

Inda nake taka-tsantsan da lissafin kwamfuta shi ne hazo. Kwarin Bodele na Cadi, gindin tsohon tafkin da ya ƙafe, iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe shi, har Kudancin Amurka ƙurar take kaiwa. Mu ne a bakin ƙofa. Farar ƙura a kan farar ƙasa tana ba tauraro wuya, wadda ta kwanta a kan gilashinka kuwa ba ta cikin lissafinsa ko kaɗan.

Ni ta taɓa ci na. Na haɗa wa wani ƙauye wajen Kusiri famfon foraj, wato rijiyar burtsatse, na ɗauki matsakaicin shekara na yi lissafi, na taho ina jin kaina gwani. Janairu na shiga aka kira ni, wai ruwa yana yankewa tun kafin la'asar. Na tarar da mata sun jera jarkoki suna harara ta. Na hau, na ja yatsa a kan faifai, sai ga layi baƙi wul a cikin fari kamar na yi rubutu a allo. Rana kuma tana sama kamar farantin azurfa, kana kallonta ido ba ya ƙwalla. Faifai biyu na ƙara daga aljihuna.

Don haka in ka buɗe jadawalin, tsallake layin shekara, nemo watan da ya fi talauci, a nan yawanci Agusta ne, ka gina a kansa, ka bar wa hazo nasa rabon. Abin da aka rubuta a bayan faifai ma an auna shi ne a hasken wat 1,000 a kowane murabba'in mita da zafin digiri 25. A Afrilun Marwa gilashin yana haura digiri 60, ƙarfinsa kuma yana raguwa.

Yau da azahar ka hau na shagon nan ka rubuta amfiya nawa yake bayarwa yadda yake da ƙurarsa. Gobe da asuba, kafin gilashi ya ɗau zafi, ka wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi, ban da omo. Azahar ta yi ka sake aunawa ka kawo mini takardar.