Wane inji ya dace da koyar da ɗalibai haɗa wasan kwamfuta?

Tambaya: Ina koyar da ɗalibai 20, 'yan shekara 16 zuwa sama, kuma ba su taɓa rubuta manhaja ba. Kwamfutocinmu masu RAM gigabait 4 zuwa 8 ne. Tsakanin injinan haɗa wasa (manhajojin da ake gina wasan kwamfuta da su) na Unity da Unreal da Godot, wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, fara duba kwamfutar da ta fi kowace rauni a ɗakin, ita za ta yanke hukunci. Da wannan ma'auni Unreal Engine 5 ya fita tun daga ƙofa: yana cin gigabait da dama a faifai, yana son katin hoto mai ƙarfi, a kan RAM 4 kuwa rabin darasi zai tafi wajen jiran ya buɗe.

Shawararmu Godot 4. Kyauta ne a ƙarƙashin lasisin MIT, ba sai an buɗe asusu ba, fayil ɗaya ne da za ka kwafa a filasha ka raba wa kowa. Harshensa, GDScript, ya yi kama da Python, ɗalibi yakan karanta shi da wuri. Idan za ku buɗe sabon aiki, ku zaɓi Compatibility a wurin zaɓen mai zana hoto (Renderer), domin zaɓin Forward+ yana dogara da sabbin fasahohin zana hoto irin su Vulkan, tsofaffin kwamfutoci kuma da yawa ba sa ɗaukarsu. Nan ne allo kan yi baƙi ko injin ya ƙi tashi.

Unity na da amfani ga wanda ke harin aiki a kamfani, yana amfani da harshen C#, amma yana buƙatar Unity Hub, manhajar girka shi, da asusu. Kamfanin Unity ya sanar da kuɗin girkawa, wato cajin masu haɗa wasa kan yawan girka wasanninsu, a Satumbar 2023, ya janye shi a 2024. Abin ya ja hankalin masu haɗa wasa da yawa zuwa Godot.

Kowanne ka ɗauka, tsayar da siga ɗaya har ƙarshen zango. Aikin da aka buɗe a sabuwar siga yakan ƙi komawa tsohuwa lafiya. Ku fara da wasan 2D, wato mai shimfiɗaɗɗen hoto marar zurfi: ƙwallo da sanda, sai maki. A mako na biyu koya musu ninka gudu da delta (lokacin da ya wuce tsakanin hoto da hoto) a cikin _process (sashen umarnin da injin ke gudanarwa a kowane hoto), in ba haka ba ɗan wasan zai yi tsere a kwamfuta mai sauri, ya yi tafiyar hawainiya a mai nauyi. In kuna ajiye aiki a Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen aiki, kada ku saka babban fayil ɗin .godot, injin da kansa yake sake gina shi.