Baba na tashi fitsari sau huɗu a dare: wane magani zan saya masa?

Tambaya: Mahaifina ya haura shekara 70. Da an idar da sallar isha'i yake kwanciya, amma kafin asuba sai ya tashi fitsari sau uku ko huɗu. Shin maganin barci zan saya masa, ko na gargajiyan da ake talla? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, ke kuma Ya yi miki albarka. Shawarata, kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Ƙwayoyin barci irin su diazepam suna sa dattijo jiri, ya miƙe cikin duhu yana tangaɗi har ya faɗi, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ba ƙaramar masifa ba ce. Piriton da wasu ke sha don barci yana iya riƙe fitsari gaba ɗaya ga namijin da furostet ɗinsa (wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda hanyar fitsari ke ratsawa ta cikinta) ya kumbura. Na gargajiyan kuwa, ba mu san abin da aka zuba a cikin kwalbar ba.

Ki fara duba lokacin kwanciyarsa. Wanda ya kwanta ƙarfe 8:30 ya tashi ƙarfe 5 ya shafe sama da awa takwas a shimfiɗa, alhali idan shekaru suka ja, sinadarin da ke rage haɗa fitsari da dare yana raguwa a jiki, barcin ma ba ya nauyi. Sau da yawa barcin ne ke fara yankewa, sannan ya ji fitsarin. Ku riƙa jan sa da hira ya ƙara awa guda kafin ya kwanta, barcin rana kuma kada ya wuce rabin awa. Shayi da goro su tsaya daga la'asar, ruwa ya sha isasshe da rana, ya rage shi awa biyu kafin barci. Idan ƙafafunsa na kumbura, ya ɗora su kan matashi da yamma, domin ruwan da ya taru a cikinsu shi ke komawa jini ya zama fitsari idan ya kwanta.

Kuɗin ki kashe su a kan gwajin suga da ganin likita, ku tafi da duk magungunan da yake sha, domin wasu na hawan jini suna ƙara fitsari, kuma likita na iya mayar da su na safe. Ki saya masa tocila da mazubin fitsari a ajiye kusa da gado. Idan kuwa akwai jini a fitsarin, ko zafi, ko yana fita da ƙyar, ko Baba na minshari mai ƙarfi, kada ku jinkirta zuwa asibiti.