Bututun wofi ko bututu marar iska?

Wani ɗalibin injiniyan lantarki daga Unguwar Rogo a Jos ya aiko da tambaya: "Malam, ina so in yi wa ƙannena bayanin bututun nan da ake zuƙe wa iska, wanda ke ƙara wa siginar rada (na'urar hango jirage daga nesa) ƙarfi. In ce bututun wofi? Kuma mece ce ma'anar klaistiron?"

Ɗana, bar wofi inda ka gan ta. Gaskiya ne tana nufin abin da babu komai a cikinsa, amma a bakin Bahaushe ta fi karkata ga rashin amfani, shi ya sa ba ta rabuwa da ƙawarta: banza da wofi. Yaro na jin "bututun wofi" zai zaci abin yarwa ne. Kalmar bawul kuma, wadda ake kiran irin wannan bututu da ita a Turanci, ko da yake ta zauna a harshenmu, tayar keke za ta kai hankalinsa. Ka ce bututu marar iska. Ana zuƙe iskar ne don kada ƙwayoyin lantarki, wato ilektiron, su yi karo da komai a hanya.

Klaistiron, wato sunan bututun da kake magana a kai, daga Girkanci take, daga fi'ilin da ke nufin yadda raƙuman ruwa ke dukan gaɓa. 'Yan'uwa biyu, Russell da Sigurd Varian, suka ƙera na'urar a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1937, amma wanda ya raɗa mata suna malamin tsofaffin harsuna ne, Hermann Fränkel. Wannan kam ya yi mini daɗi.

Sunan ya dace. Ana zafafa wani ƙarfe ya saki ilektiron, su miƙe kamar ayari. Akwai koguna biyu na ƙarfe a kan hanyarsu; a kogon farko sigina mai rauni ta tare su, ta ƙara wa wasu sauri, ta rage wa wasu. Masu sauri su cim ma na gaba, ayarin ya zama gungu-gungu. Kowane gungu ya zo wuce kogo na biyu sai ya buge shi kamar raƙumin ruwa, ya bar masa ƙarfinsa, siginar ta fito ninkin-ba-ninki.

Ga ƙannen naka, riƙe kalmar zango. Asalinta masaukin fatake ce, da tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki, sannan rediyo ta are ta don tazarar da ke tsakanin raƙumin sigina da na bayansa, muka sami gajeren zango. Gajeren zangon rediyo mitoci goma zuwa ɗari ne, na waɗannan na'urori kuwa 'yan santimitoci.

A ƙarshen wasiƙarsa ya ce ko "da tsohuwar zuma ake magani" ta dace a nan. Ta dace. Tiransisto, 'yar ƙaramar na'urar ƙara ƙarfin sigina da aka ƙirƙiro a 1947, ta kori bututu daga rediyon gida, amma inda ake son ƙarfi mai yawa a zango ƙanƙane, kamar taurarin ɗan'adam na sadarwa, har yau bututun ake nema. Sai dai a kula: Bahaushe bai ce kowace tsohuwa magani ba ce, zuma ya ambata, domin ita ce ba ta lalacewa da ajiya.