Likita Ya Amsa: Fyaɗen Lokacin Yaƙin Sudan da Shan Ƙwaya

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Sinnar: Likita, masu bindiga sun yi wa ƙanwata fyaɗe, yau kwana huɗu. Zuwa asibiti zai yi amfani kuwa?

Amsa: Zai yi, ku kai ta yau. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, wannan ya wuce, amma na hana ɗaukar ciki yana aiki har awa 120. Za a ba ta maganin ciwon sanyi da allurar rigakafin ciwon hanta. Kada ku kwana.

Tambaya: An ce idan ta yi tsarki da Dettol ko ruwan kanwa ƙwayoyin cuta za su mutu.

Amsa: Don Allah ku daina! Ƙona gaban yarinya kawai yake yi, ya ƙara buɗe wa cuta hanya. Asibiti za a je.

Tambaya daga wata uwa a Gadarif: Mun gudo daga garin Madani lokacin da mayaƙa suka ƙwace shi a ƙarshen 2023. A hanya masu kaki suka taɓa 'yata. Tun daga nan ba ta barci, tana ihu cikin dare, ko ƙarar babur ta ji sai ta hau makyarkyata. Yanzu na gano tana shan Valium (ƙwayar sa barci) da tramadol. Dangi sun ce aljanu ne, an kai ta wurin faki, wato malamin tsibbu, ya yi mata hayaƙi da bulala. Mahaifinta ya ce a kulle ta a ɗaki har ta daina, sannan a aurar da ita.

Amsa: Inna, sannu, Allah ya ba ta lafiya. Abin da kika lissafa ciwo ne da muka sani, ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali. Ƙwaƙwalwarta ta tsaya a ranar da abin ya faru, shi ya sa ƙarar babur ke mayar da ita kan hanyar nan kamar yanzu ake yi. Ba lalacewa ta kai ta ga ƙwaya ba, barci take nema.

Bulalar nan ta ɓata mini rai ƙwarai. Yarinyar da maza suka danne, sai a sake sa wani namiji ya riƙe ta yana duka? Ciwon ake sabunta mata. Addu'a da karatun Alƙur'ani ku ci gaba da su, suna kwantar da zuciya. Duka da hayaƙi da ɗauri kuwa, a bar su daga yau.

Ki roƙi mahaifinta ya janye maganar kullewa. Wanda ya daɗe yana shan Valium, idan aka yanke masa lokaci guda, yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, har a rasa rai. A hankali ake rage shi cikin makonni, a hannun likita. Shi ma tramadol yana kawo jijjiga idan ya yi yawa, kuma haɗa su biyun yana danne numfashi. In kin ga ta yi barcin da ba ta tasuwa, ko leɓenta ya canza launi, ko numfashinta ya yi ƙasa, ku ruga asibiti ko tsakar dare ne.

Wasu kan ce sai ta bar ƙwaya tukuna a duba firgicin. Ban yarda ba. Tare ake maganinsu, domin muddin mafarkin yana nan za ta koma. Maganin da ya fi aiki shi ne zama da ƙwararre a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, mace in da hali, a koya mata yadda za ta natsu idan firgici ya taso, sannan a bi abin da ya faru sannu a hankali. Akwai magani irin su sertraline da fluoxetine, sai dai sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu, kuma dole likita ya san tana shan tramadol kafin ya rubuta. Ku fara da babban asibitin Gadarif, ko ungozomar da kuka amince da ita ta haɗa ku da masu kula da waɗanda aka ci zarafinsu.

Auren ma a dakata. Ki gaya mata da bakinki cewa ba laifinta ba ne, wataƙila har yau ba wanda ya faɗa mata. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta; tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Tambaya daga wani tsohon soja a Kasala: An ci zarafina lokacin da nake tsare, ban taɓa gaya wa kowa ba. Sai na sha bango (tabar wiwi) ko araki (giyar gargajiya) nake runtsawa.

Amsa: Ɗan'uwa, maza ma ana yi musu, kuma wannan bai taɓa mazantakarka ba. Maganinka irin na yarinyar nan ne. Ka je a gwada jininka, ka gaya wa likita yawan arakin da kake sha tsakani da Allah, domin shi ma yanke shi kwatsam yana kawo jijjiga.

Tambaya: Sertraline yana kama jiki kamar ƙwaya?

Amsa: Ba ya sa maye. Amma kada a daina shi sai da sanin likita.